Yadda Ake Karɓar Kuɗin Karatun Yaro Daga Gwamnatin Jiha a Amurka, a Tsara Masa Karatun Da Ya Dace Da Shi

A wasu jihohin Amurka, kuɗin da gwamnatin jiha ke warewa domin karatun yaro ba dole ba ne ya tafi makarantar gwamnati ta unguwa. Iyaye suna iya neman a zuba kaso mafi tsoka na kuɗin a wani asusu mai sunan yaron, su kuma su zaɓi inda za a kashe shi: kuɗin makaranta mai zaman kanta, malamin da zai riƙa zuwa gida, littattafai, kwamfuta, darasin intanet, ko ƙwararren gyaran magana ga yaron da harshensa ya yi nauyi. Ana kiran wannan asusu ESA a taƙaice.

Ga iyalan Hausawa mazauna can, waɗanda kullum tunaninsu shi ne yaro ya samu boko mai ƙarfi ba tare da Alƙur'ani da Larabci da harshen gida sun kuɓuce masa ba, wannan dama ce babba. Sai dai tana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane suka fi tsallakewa idan suka ji adadin kuɗin. Ranar da kuka sa hannu a takardar yarjejeniya, kun sauke wa gwamnati nauyin karantar da yaronku, kun ɗora wa kanku.

Zan bi tsarin jihar Arizona daki-daki, domin a can aka fara. A 2011 jihar ta ƙirƙiro Empowerment Scholarship Account domin yara masu buƙata ta musamman kaɗai. Aka yi ta faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan, har a 2018 masu zaɓe suka ƙi amincewa da wata faɗaɗawar a ƙuri'ar raba-gardama. A 2022 Gwamna Doug Ducey ya sa hannu a dokar da ta buɗe shi ga kowane yaro mazaunin jihar, daga ajin share fage zuwa aji 12, wato ƙarshen sakandare. Kafin nan yaran da ke ciki ba su wuce kimanin 12,000 ba; zuwa 2025 sun haura 80,000.

Mataki na farko: ku san abin da jiharku take da shi

Ilimin firamare da sakandare a Amurka harkar jiha ce, saboda haka abin da ɗan'uwanku ya samu a Phoenix ba lallai ku same shi a inda kuke ba. Jihar New York, inda 'yan'uwanmu da yawa suke, musamman mutanen zangon Ghana da ke Bronx, ba ta da irin wannan asusu. Florida ta buɗe nata ga kowa a 2023, kuma ƙungiyar Step Up For Students ce ke riƙe da mafi yawan asusun. Tana ma da reshe na musamman mai suna PEP ga masu karantar da yara a gida. West Virginia tana da Hope Scholarship, Utah tana da Utah Fits All, Iowa da Arkansas sun kafa nasu a 2023. Texas, mai tarin 'yan Najeriya a Houston da Dallas, ta yi dokarta a 2025 da kasafin dala biliyan 1, domin a fara a shekarar karatu ta 2026 zuwa 2027: kimanin dala 10,000 ga yaron makaranta mai zaman kanta, dala 2,000 ga mai karatu a gida, har zuwa dala 30,000 ga mai buƙata ta musamman.

Ku bambance abu biyu tun yanzu. Akwai tallafin da kuɗin makaranta kaɗai yake biya, daga gwamnati ya wuce kai tsaye zuwa makaranta. Akwai kuma asusun da kuke iya rarraba kuɗinsa wurare da yawa. Na biyun ne ke ba da damar tsara wa yaro karatu. A Iowa, misali, sai yaro yana makaranta mai zaman kanta da aka tantance kafin a ba shi, ke nan mai son karantarwa a gida ba zai amfana ba. Ku shiga shafin hukumar da ke kula da shirin a jiharku, ku sauko da littafin jagoran iyaye na wannan shekarar, ba na bara ba. Ka'idojin suna sauyawa kusan kowace shekara, kuma abin da wata ta faɗa a zauren WhatsApp ba zai tsaya muku ba ranar bincike.

Mataki na biyu: ku zauna a kan yaron, kafin ku zauna a kan kuɗin

Nan ne ainihin aikin, kuma ba ya buƙatar intanet. Uwa da uba su zauna da takarda, yaro ɗaya-ɗaya, su amsa tambaya guda da gaskiya: mene ne wannan yaron yake rasawa a inda yake yanzu? Idan amsar ba ta fito ƙarara ba, ku dakata. Yaron da ke jin daɗin makarantarsa, yana gane darasi, yana da abokan kirki da malamar da ta san shi, ba a cire shi don kawai an ji ana raba kuɗi.

Amsoshin da suka cancanci a motsa dominsu sukan zo kamar haka. Yarinya tana aji 3 amma har yanzu haɗa baƙi yana ba ta wahala, tana juya harufa, kuma a aji mai cike da yara ba mai lokacin zama da ita. Ko yaro ya wuce sa'o'insa a lissafi, yana gama aiki cikin minti kaɗan sannan ya shiga tsokana saboda zaman banza. Ko kuna son ya yi hadda da gaske, da asuba lokacin da kai ke sabo, ba ragowar awa ɗaya ta yammacin Asabar ba bayan ya gaji. Ko ana cin zalinsa saboda hijabin ƙanwarsa, ko sunansa, ko karin harshensa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan maganinta daban, farashinta daban. Mai wahalar karatu ƙwararren malami take buƙata sau uku ko huɗu a mako, ba sauya makaranta kawai ba. Mai gudu a lissafi yana iya buƙatar darasi mai zurfi ta intanet, daga baya kuma ajin kwalejin al'umma tun yana sakandare.

Ku tattaro abin da ke hannunku: katin sakamako na shekara biyu, sakamakon jarrabawar jiha, saƙonnin malamai. Ku sa yaron ya karanta muku shafi ɗaya da ƙarfi, ku saurara ba tare da gyara masa ba, ku lura da inda yake tsayawa da inda yake cinta kalma daga hoton da ke gefe. Ku ba shi lissafi biyar na ajinsa, ku kalli hannunsa yana aiki, ba amsar kaɗai ba. Sannan ku tambaye shi. Yaro ɗan shekara goma ya san abin da ke damunsa fiye da yadda muke zato, kuma idan aka raba shi da abokansa ba tare da shawara da shi ba, gida zai koma fagen rigima kowace safiya.

Daga nan sai ku rubuta manufa uku ko huɗu da za a iya aunawa a ƙarshen shekara. "Ya ƙware a karatu" ba manufa ba ce. "Ya karanta littafin ajinsa shi kaɗai, ya ba da labarinsa", "ya kammala izu biyar da tajwidi", "ya iya rabawa mai tsawo", waɗannan su ne manufa. Wannan takardar ce za ta hana ku sayen duk abin da ya ba ku sha'awa idan kuɗi suka shigo.

Akwai tambayar da ta fi kowace zafi, kuma gara a yi ta yanzu: wa zai zauna da yaron? Idan Maigida yana tuƙi dare da rana, Uwargida tana aikin asibiti na awa goma sha biyu, karatun gida ba zai yiwu ba komai kyan niyya. Kada a yanke shawara a falo a bar wa uwa ita kaɗai ɗaukar kayan, alhali ga goyo ga girki. Idan ba mai zama, hanyarku makaranta mai zaman kanta ce, ko ƙaramar makarantar haɗin gwiwa inda iyalai kaɗan ke ɗaukar malami tare.

Mataki na uku: lissafi

A Arizona ana ba yaro kashi 90 cikin ɗari na abin da jiha za ta kashe masa. Ga yawancin yaran aji 1 zuwa 12, abin yakan kama tsakanin dala 7,000 da 8,000 a shekara. Ɗan ajin share fage yana samun ƙasa da haka sosai, domin rabin yini jihar take biya wa wannan ajin. Yaro mai buƙata ta musamman yana samun ƙari gwargwadon larurarsa, kuma ga mai larurar galahanga kuɗin yana iya haura dala 30,000. Ba a ba da shi dunƙule. Kashi huɗu ake raba shi, kowane wata uku, daga Yuli.

Ga misali kawai, farashin garinku ku za ku bincika. A ce an ba yaro dala 7,500, wato dala 1,875 kowane zango. Idan makarantar Musulunci da kuke so tana karɓar dala 8,500, akwai giɓin dala 1,000 daga aljihunku, ban da kuɗin rajista da abinci da man mota. Idan kuma a gida za a yi: malamin lissafi awa biyu a mako kan dala 40 kowace awa, mako 36, ya kama dala 2,880, malamin Larabci da Alƙur'ani awa uku a mako kan dala 25 kowace awa, ya kama dala 2,700, manhajar karatu da littattafai dala 700, kwamfuta dala 500, jarrabawar auna ƙoƙari dala 100. Jimilla dala 6,880, saura dala 620. Kun ga kuɗin da ya yi kama da tsubi ya kusa ƙarewa, kuma sauran darussan duk ku ne malamansu.

Ku sa abin da za ku rasa a cikin lissafin: motar makaranta kyauta, abincin rana kyauta ko mai rahusa ga masu ƙaramin ƙarfi, da darasin koyon Turanci da makarantun gwamnati ke yi wa yaran baƙi. Ga yaron da bai daɗe da zuwa daga Kano ko Maradi ko Kumasi ba, wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A ganina, irin wannan yaro ya fi dacewa ya yi shekara ɗaya ko biyu cikin yara masu Turanci tukuna, kafin a yi maganar cire shi.

Mataki na huɗu: ku karanta yarjejeniyar kafin ku nema

Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ga askin da dokar Arizona ta ɗora wa mai karɓar kuɗin. Za ku karantar da yaron aƙalla fanni biyar: karatu, nahawun Turanci, lissafi, ilimin zamantakewa da kimiyya. Ke nan ba a juya kuɗin kacokan zuwa hadda a bar boko. Ba za ku sa shi a makarantar gwamnati ba, har da makarantun cata, waɗanda gwamnati ke biya amma masu zaman kansu ke gudanarwa. Kun yafe wa gundumar makarantunku alhakin karantar da shi. Ba za ku haɗa wannan kuɗi da tallafin ƙungiyoyin STO, masu ba da guraben karatu daga rangwamen haraji, a lokaci guda ba. Kuma ba za ku shigar da takardar rantsuwar masu karatun gida ba. Ko a gida kuke karantarwa, a idon doka yaronku ɗan ESA ne, rukuninsa daban. Wanda ya riga ya shigar da ita sai ya janye ta a ofishin ilimi na yankinsa.

Iyayen yara masu buƙata ta musamman, a nan nake roƙon ku tsaya sosai. A makarantar gwamnati, dokar tarayya ta IDEA ta ba yaronku haƙƙin ilimin da ya dace da shi kyauta, da rubutaccen tsarin da ake kira IEP, wanda idan makaranta ta saɓa kuna da hanyar ƙara. Da zarar kun fita, wannan haƙƙin bai bi ku ba. Makaranta mai zaman kanta ba dole ta karɓi yaron ba, ba dole ta bi IEP ɗinsa ba, kuma tana iya cewa ba za ta iya da shi ba bayan wata biyu. Kuɗin yana da yawa, gaskiya ne, kuma iyalai da dama sun samu sauƙi da shi, amma ku fara samun wurin da ya ga yaron ido da ido ya ce zai karɓe shi, ku ji farashin gyaran magana da na motsa gaɓɓai a awa, sannan ku yanke. Kuma idan kuna zargin yaro yana da larura amma ba a taɓa auna shi ba, ku rubuta wa makarantarsa ku nemi a auna shi tun yana ciki. Kyauta ne, kuma takardar da za ta fito ita ce za ta ɗaga kuɗin da za a ba shi. Na san nauyin da ke kan zukatanmu game da a ce ɗanmu yana da larura, da tsoron bakin mutane. Takardar ba ta rage wa yaro komai. Rashinta ne ke hana shi taimako.

Mataki na biyar: neman shiga

Wannan ne mafi sauƙi. A Arizona ana nema ta shafin Sashen Ilimi na jihar, kuma ƙofa a buɗe take duk shekara. Za a buƙaci takardar haihuwar yaro, katin shaidar uwa ko uba, da shaidar zama a jihar mai sunan wanda ke nema, kamar takardar wuta ko ta haya. Mai riƙon yaron da ba shi ya haifa ba sai ya haɗa da takardar kotu. Mai buƙata ta musamman ya haɗa da IEP, ko rahoton awo, ko tsarin 504, wato takardar sassaucin da makaranta ke yi wa yaro mai larura. Kowane yaro fom ɗinsa daban. Amsa takan zo cikin kimanin wata guda.

Abin da ya fi kawo mana tsaiko shi ne suna. Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mamman a katin makaranta. Ko uwa tana amfani da sunan mahaifinta, yaro yana da na kakansa. Ku rubuta sunan daidai yadda yake a takardar haihuwa, harafi da harafi. Idan takardar da Faransanci take, kamar ta Nijar ko Kamaru ko Chadi, ko da Larabci kamar ta Sudan, ku tanadi fassarar mai fassara da aka yarda da shi. A Florida da Texas da Utah akwai lokacin buɗewa da rufewa, kuma inda masu nema suka fi kuɗin yawa ana fifita masu ƙaramin ƙarfi da masu larura, saboda haka a can ranar farko ake nema.

Mataki na shida: jerin fita

Tsarin yana da muhimmanci. Ku nema yaro yana makarantarsa. Ku jira amincewa. Ku tabbatar da gurbi a sabon wuri, ko malamai da littattafai sun kammala. Sannan ku cire shi a rubuce, ku karɓi takardar shaidar fita da kwafin dukkan bayanansa. Bayan haka ku sa hannu a yarjejeniya. Idan sunan yaro ya ci gaba da fitowa a rajistar makarantar gwamnati alhali asusunsa yana karɓar kuɗi, za a dakatar da asusun, a kuma nemi ku mayar. Kada kuma ku sayi komai kafin ranar sa hannu da tunanin za a biya ku daga baya. Dokar Arizona ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16, don haka kada a bar yaro a tsakani, ba ya nan ba ya can.

Mataki na bakwai: kashe kuɗin

Kuɗin ba ya shiga bankinku. A Arizona yana zama a dandalin ClassWallet, kuma akwai hanyoyin fitar da shi: saye daga kasuwar da ke cikin dandalin, biyan makaranta ko malamin da ya yi rajista kai tsaye, katin biya ga wasu abubuwa, ko ku biya daga aljihu ku nemi a mayar muku. Shawarata ku guji ta ƙarshen gwargwadon iko. Akan samu cunkoso, a yi makonni ana jira, kuma iyalin da ke lissafin haya ba sa iya daskarar da dala ɗari biyar. Ku roƙi makarantarku da malamanku su yi rajista a dandalin tun kafin zango ya fara.

Doka ta yarda da kuɗin makaranta, littattafai, kayan makaranta na sawa, manhajar karatu da kayan da ke tafiya da ita, darussan intanet, kuɗin jarrabawa, da na'urorin da karatu ne babban amfaninsu, irin su kwamfuta, firinta, kalkuleta da madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta. Ta kuma ambaci waɗanda ba ta yarda da su ba: talabijin, waya, na'urar wasan bidiyo, da kayan sauti na falo. Ba a sayar da abin da aka saya da kuɗin asusu. Uba ko uwa ba ya biyan kansa ladan koyarwa. Ba a karɓar wani kaso daga hannun malami ta bayan fage.

Game da addini, hankalinku ya kwanta. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Montana ta 2020 da ta Maine ta 2022 cewa jihar da ke tallafa wa karatu a makarantu masu zaman kansu ba ta da ikon ware makaranta don kawai ta addini ce. Makarantar Musulunci da ta coci duk ɗaya suke a nan. Abin dubawa shi ne ko makarantar ta cika sharuɗɗan jiharku kuma tana karɓar kuɗin shirin; wannan a ofishinta za ku tambaya, ku kuma tabbatar a jerin hukuma.

Maganar malamin gida ita ta fi shafarmu, domin a nan al'adarmu da tsarinsu suke karo. Mun saba a ce, "Malam, ga yaran nan, don Allah a riƙa yi musu karatu," a ƙarshen wata a miƙa abin da ya sawwaƙa cikin ambulan, Malam ya ce Allah ya sa albarka. Da kuɗin asusu haka ba ta yiwuwa. Ana neman takardar shaidar karatun malamin, kuma idan daga Jami'ar Bayero ko Azhar ko Madina ya samo ta, ku shirya fassara da tantancewar da za ta nuna daidai da wane mataki take a Amurka. Ijazar haddar da wani shehi ya ba shi tana da daraja a wurinmu, amma ma'aikacin da ke duba takardu takardar makaranta yake nema. Sannan kowane biya sai da takardar neman biya mai ɗauke da sunan malami da adireshinsa, sunan yaro, fannin da aka koyar, ranakun darasi, awoyi, kuɗin awa da jimilla. Ku faɗa masa da ladabi tun farko: "Allah ya gafarta Malam, wannan kuɗin na hukuma ne, sai da takarda suke saki, za mu taimaka a shirya ta." Ku sanar da shi kuma cewa kuɗin shiga ne da zai bayyana a harajinsa. Malami nagari ba zai ji haushi ba, hasali ma wannan ne zai sa a biya shi haƙƙinsa cikakke a kan lokaci, maimakon sadakar da muka saba yi wa masu karantar da 'ya'yanmu Alƙur'ani.

Idan Hausa kuke so yaro ya koya, ko Larabci, ku rubuta masa manhaja ta shafi ɗaya ko biyu: abin da za a koya, tsarin makonni, littattafan da ake buƙata, da yadda za a auna. Tun 2024 batun haɗa kayan karatu da rubutacciyar manhaja ya zama abin taƙaddama a Arizona, bayan ofishin Babbar Lauyar jihar ya matsa a kai, saboda haka mai takarda a hannu shi ke da kwanciyar hankali. Duk abin da kuke shakka, ku tambayi hukuma a rubuce kafin ku saya, ku ajiye amsar. Malamin da ke zaune a wata ƙasa yana koyarwa ta intanet yana cikin abin da lallai sai an tambaya tukuna.

Mataki na takwas: takardu

Kowane yaro ya samu jakar takardunsa, ta hannu da ta kwamfuta. Rasit ya shiga ranar da aka saya, a ɗauki hotonsa kafin tawadarsa ta goge. Kada a haɗa cefanen gida da kayan karatu a rasit ɗaya, kada kuma a saya wa ƙane kaya da asusun wa. Amincewa da saye a dandalin ba ta nufin magana ta ƙare, domin ana iya dawowa a bincika daga baya. Idan aka ce wani saye bai halatta ba, za a nemi ku mayar da kuɗin, kuma kuna da damar ɗaukaka ƙara zuwa Hukumar Ilimi ta jihar cikin wa'adin da aka rubuta a wasiƙar. Ku buɗe imel ɗinku kullum. Wa'adin gajere ne. Inda aka ga ganganci, ana miƙa batun ga masu gabatar da ƙara, kuma ga wanda takardun zamansa ba su gama nuna ba, tuhumar zamba tana iya taɓa abin da ya fi kuɗin makaranta nesa ba kusa ba. Kuɗin jama'a ne, amana ce.

Mataki na tara: ku auna, ku sabunta, ko ku koma

Arizona ba ta tilasta wa 'yan ESA jarrabawar jiha. Wasu suna murna da haka. Ni ina ganin haɗari ne, domin yaro yana iya yin shekara biyu yana ja da baya ba wanda ya lura. Florida ta wajabta wa 'yan PEP jarrabawar auna ƙoƙari kowace shekara, kuma wannan ya kamata kowa ya ɗora wa kansa. Akwai irin su Iowa Assessments, Stanford da MAP, kuma asusun yana biyan kuɗinsu. Ku yi ɗaya a farkon shekara, ɗaya a ƙarshe, ku ajiye kusa da takardar manufofin da kuka rubuta. A ɓangaren Alƙur'ani, ku kai yaron wurin wani malami daban ya saurare shi.

Ana sabunta yarjejeniya kowace shekara. Abin da ya rage a asusu ba ya ƙonewa, yana tsallakawa zuwa shekara ta gaba, kuma a Arizona ana iya amfani da shi a kwaleji ko jami'ar da ta cancanta bayan sakandare. Idan yaro ya gama kwaleji ko jami'ar, ko ya yi shekara huɗu a jere bayan sakandare bai shiga ko'ina ba, ragowar ta koma baitulmalin jiha. Kada dai son tari ya sa a tauye wa ɗan aji 2 malamin da yake buƙata yau.

Ku riƙa sauraron siyasar jiharku. Masu adawa da shirin suna cewa yana zuƙe kuɗin makarantun gwamnati, kuma a Arizona mafi yawan waɗanda suka fara nema bayan 2022 yaran da dama can ba sa makarantar gwamnati ne. Gwamna Katie Hobbs ta Arizona ta sha neman a taƙaita shi tun hawanta a 2023, kuma a Utah wata kotu ta ce shirinsu ya saɓa wa tsarin mulkin jihar a 2025, aka ci gaba da shi ana jiran ɗaukaka ƙara. Kada ku ɗauki alƙawarin kuɗin makaranta na shekaru da ba za ku iya riƙewa ba idan doka ta juya.

Ga ɗan sakandare akwai ƙarin aiki. Idan a gida yake karatu, ku ne za ku rubuta masa kundin darussa da maki tun daga aji 9, fanni-fanni, da sunan littafi da awoyi, domin shi jami'a za ta nema, sau da yawa tare da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT. Idan kuma sakamako ya nuna tsarin bai karɓi yaron ba, makarantar gwamnati ta unguwarku dole ta karɓe shi. Ku fara sanar da hukuma a rubuce cewa kuna rufe asusun, ku kammala miƙa rasit na zangon, sannan ku yi masa rajista. Ɗan firamare yakan koma ajin sa'o'insa ba wahala, amma ɗan sakandare makaranta tana iya ƙin lissafa wasu darussan da ya yi a waje, ko ta ce sai ya zauna jarrabawa a kansu, saboda haka ku je ofishin mai ba ɗalibai shawara da kundin darussan da samfurin ayyukansa kafin ranar buɗe makaranta.